Mawaƙan Nitra da suka girmi ƙasarsu



Sharhinmu na yau zai kai mu tsakiyar Turai, ƙasar Silobakiya mai mutane kusan miliyan biyar da rabi. A can, a birnin Nitra, wasu samari suka haɗa ƙungiyar kiɗan gita da ganga a shekarar 1992, suka sa mata suna Horkýže Slíže. Jagoransu Peter Hrivňák, wanda kowa ya fi sani da Kuko, shi ne mai waƙa kuma mai kaɗa babbar gita. Abin da suka sa gaba tun farko shi ne barkwanci: waƙar mashaya, waƙar gauraye, waƙar dabbobi, da tsokanar duk mai ɗaukar kansa da girma. A 2022 suka cika shekara 30, kuma har yanzu idan lokacin bukukuwan kiɗa na filin Allah ya zo, a watannin zafi na Turai, sunansu na cikin waɗanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe.

Ku lura da shekarar nan ta 1992. Lokacin babu ƙasar Silobakiya mai cin gashin kanta. Sai ranar 1 ga Janairun 1993 aka raba Cekosilobakiya gida biyu, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Ke nan masu shirmen nan sun girmi ƙasarsu. Gwamnatoci sun zo sun wuce, an shiga Tarayyar Turai a 2004, an canza kuɗi zuwa yuro a 2009, su kuwa suna nan suna ba mutane dariya.

To me ya riƙe su? Wasu za su ce ai shashanci ba ya rasa kasuwa. Ni ban yarda ba. Ba'a takan tsufa da wuri. Wadda ta ba ka dariya jiya, yau sai ka ji ta lami. Wanda ya shekara 30 yana sa a yi dariya, to ya iya sana'arsa. A 2003 sun fitar da faifai mai suna Ali Baba da gajerun waƙoƙi 40, wasu ko minti ɗaya ba su kai ba. Sai mai ƙwarewa ne zai kafa labari, ya juya shi, ya kashe shi kafin ka gyara zama.

Kuma dariya a wannan yanki tana da tarihi. Zamanin mulkin kwaminisanci, wanda ya faɗi a Nuwamban 1989, mawaƙi ba ya hawa dandali sai hukuma ta amince da shi. A 1976 an kama mawaƙan ƙungiyar Plastic People a Cekosilobakiya, kuma shari'arsu na cikin abin da ya zaburar da marubuci Václav Havel da abokansa suka fito da wata takardar ƙorafi ga hukuma a 1977. A garin Trenčín kuma, wani yaro Michal Kaščák ya riƙa waƙoƙin shaguɓe da ƙungiyar Bez ladu a skladu tun bai yi gemu ba. Shi ne daga baya, a 1997, ya kafa bikin kiɗa na Pohoda, wanda yanzu ake yi a filin jirgin saman garin. Mawaƙan Nitra sun zo ne bayan an buɗe ƙofa, ba su sha wuyar da na gabansu suka sha ba, amma sun tarar da jama'ar da ta saba jin gaskiya a bakin mai wasa.

Abin da ya fi burge ni dai shi ne ƙetaren iyaka. Da harshen Silobak suke waƙa, amma a Jamhuriyar Cek ma suna cika fili. Harsunan biyu 'yan uwa ne, sai dai tun bayan rabuwa yaran Cek ba sa jin Silobakanci a rediyo da talabijin kamar yadda iyayensu suka ji. Da yawa a bakin irin su Kuko suke tsintar sa. Abin ya zama kamar wasan taubasai: an raba gida, amma tsokana ta hana zumunci yankewa.

Ba zan wanke su tas ba. Wasu waƙoƙinsu akwai batsa da kirarin giya, irin waɗanda ba za mu sa muku a wannan tasha ba. Kuma akwai tambayar da ke jiran duk mai barkwancin ƙuruciya: yaya abin yake a bakin mai furfura? Samarin 1992 yanzu sun haura 50, kuma waɗanda suka yi tsalle a gabansu a wancan lokaci, yau da 'ya'yansu suke zuwa filin biki.