Sharhi: Ko ɗan takarar da ba shi da babbar jam'iyya zai iya lashe zaɓen shugaban ƙasa?

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, muhawara ta sake tasowa kan ko ɗan takarar da ba shi da babbar jam'iyya a bayansa zai iya kaiwa ga kujerar shugaban Nijeriya. Alƙaluman zaɓukan baya na nuna cewa farin jini kaɗai ba ya wadatarwa, sai ƙuri'un sun bazu a sassan ƙasar.

Tun daga tsarin mulki ake fara cin karo da shinge. Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta cewa sai jam'iyya ta tsayar da mutum kafin ya nemi kujerar, saboda haka babu damar takarar ƙashin kai. Sashe na 134 kuma ya ce samun ƙuri'u mafi yawa bai isa ba, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24.

Zaɓen 2023 ya nuna nauyin wannan sharaɗi. Peter Obi na jam'iyyar LP ya samu ƙuri'u 6,101,533, ya lashe jihohi 11 da Abuja, har ya kayar da Bola Tinubu a Legas, amma bai kai kashi 25 a jihohi 24 ba. Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu 1,496,687, kuma kusan kashi biyu bisa uku na ƙuri'un sun fito ne daga Kano, jiha ɗaya tilo da ya lashe. Tinubu na APC ya yi nasara da 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP na biye da 6,984,520.

Duk da haka, sakamakon ya nuna cewa ƙofar ba a rufe take ba. Idan aka haɗa ƙuri'un Atiku, Obi da Kwankwaso, waɗanda duk suna PDP har zuwa 2022, sun haura miliyan 14 da rabi. Haka kuma, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wanda ya iya shawo kan masu zaman gida ranar zaɓe na iya sauya lissafin.

Masu kyautata zato kan kafa hujja da Senegal, inda Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana 10 kafin zaɓen Maris 2024, ya kuma lashe shi a zagayen farko da kimanin kashi 54 cikin 100. Sai dai a can rinjayen ƙuri'un ƙasa baki ɗaya kawai ake nema, babu sharaɗin jihohi irin na Nijeriya.

Misalin da ya fi dacewa yana nan cikin gida. A 2011 Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u sama da miliyan 12 a ƙarƙashin CPC, kusan dukkansu daga Arewa, ya kuma sha kaye. Bayan da CPC ta haɗe da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA aka kafa APC a 2013, sai ya samu gwamnoni da 'yan majalisa a Kudu maso Yamma, ya yi nasara a 2015 da ƙuri'u sama da miliyan 15.

Akwai kuma batun tsare ƙuri'a. Nijeriya na da rumfunan zaɓe sama da 176,000, kuma kowace na buƙatar wakilin jam'iyya da zai tsaya har a ƙidaya ƙuri'u, ya sa hannu a takardar sakamako. Jam'iyyar da ba ta da shugabanni a mazaɓu da kuɗin ɗawainiyar wakilai kan rasa shaidar da za ta gabatar a kotu idan rikici ya taso.

Saboda haka, abin da ya kamata masu zaɓe su duba game da irin wannan ɗan takara kafin 2027 shi ne jihohi nawa zai iya samun kashi 25 a wajen yankinsa, da waɗanda zai ƙulla ƙawance da su, da kuma ko yana da mutanen da za su tsaya masa a kowace rumfa.