Kunyar da ke hana yaranmu samun aiki

Shekara tara ke nan ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kuma har yau akwai wani yaro da nake tunawa da takaici.

Digirinsa na akanta ne, sakamakonsa mai kyau. Ya yi sallama, ya rusuna, ya ɗosana a bakin kujera, kai a sunkuye. Shugaban kwamitin, wanda daga Legas aka turo shi, ya ce ya ba mu labarin kansa. Sai ya jero mana firamare, sakandare da jami'a, abin da duk yake rubuce a takardar da ke gabanmu. Aka tambaye shi ko ya taɓa aiki. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, sai dai bautar ƙasa." Minti bakwai aka sallame shi.

Da azahar muka haɗu a masallaci, hira ta ɓarke. Ashe tun yana aji biyu a jami'a shi ke riƙe da littafin bashi na shagon kawunsa a Kantin Kwari. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wata takwas cur, ya zauna ya kwashe lissafin shagon ya zuba a Excel, har ya tono basussukan da kowa ya manta da su. Daidai irin mutumin da muke nema ke nan. Na ce masa, "Don me ba ka faɗa a ciki ba?" Ya ce, "Ai Malam wannan ba aiki ba ne, taimakon kawu ne." Kafin nan an riga an rufe maki.

Mun taso ana gaya mana yabon kai jahilci ne, kuma yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba. Ban raina wannan tarbiyya ba, da ita nake renon 'ya'yana. Amma ɗakin intabiyu ba zauren mahaifinka ba ne. Mutumin da ke gabanka bai san gidanku ba, ba shi da wanda zai tambaya halinka, kuma wataƙila inda ya fito sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce ko rashin sanin abin da ake tambaya. Na sha musu da abokan aikina a kan wannan, wani lokaci in yi nasara, galibi in sha kaye. Idan ka ce ka koyar da ɗalibai sittin lissafi a wani ƙauye lokacin bautar ƙasa, ko ke ce kike tattara kuɗin adashin unguwarku ba a taɓa samun giɓi ba, wannan shaida ce. Fariya ita ce ka ce babu kamarka.

Haka batun "insha Allahu zan iya". Faɗe ta, ni ma ina faɗa. Sai dai a biyo ta da yadda za a yi. Da yawa daga nan suke yin shiru, kamar an kammala amsa.

Sai tambayar albashi. "Duk abin da kuka ba ni" ita ce amsar da na fi ji, kuma wallahi akwai masu kamfanin da ke jin daɗinta ƙwarai. Alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ya koma naira 77,000 a 2025. Wanda ya gama hidimar ya kamata ya lissafa kuɗin motarsa da na cinsa, ya tambayi masu irin aikin, ya shigo da adadi a bakinsa.

Na san abin da za a ce: duk wannan surutu ne, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Akwai gaskiya a ciki. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya. Amma ɗan kasuwa da ya zuba jarinsa ba ya son wanda zai karya shi, ko da ɗan ƙanwarsa ne. A irin waɗannan wurare intabiyu na da tasiri, kuma a nan ne nake ganin yaranmu suna faɗuwa alhali sun fi wanda aka ɗauka iya aikin.

Turanci ma yana kayar da su. Alƙalami na gudu, baki ya ƙi motsi, don ba a saba furtawa ba. Zaunar da ƙaninka ya yi maka tambayoyi, ka amsa da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji kunya, gara ka ji ta a gida.

Tun daga kan yaron nan na canza tambayata. Na daina cewa "ka taɓa aiki?" Yanzu cewa nake, "A gida wace hidima ake ɗora maka?" Watan jiya wata yarinya ta yi jim, sannan ta ce ita ke sayo wa mahaifiyarta buhunan gyaɗa a Dawanau, ita ke fitar da ribar ƙuli-ƙuli da mai duk mako. Ranar Litinin ta fara aiki a sashen saye.