Tekun Ikko Ba A Auna Ta Da Hadari

A watan Agusta na 2012 teku ta yi ambaliya a gaɓar Kuramo ta birnin Ikko, ta kwashe rumfuna da mutanen da ke ciki, aka rasa rayuka fiye da goma. Abin lura kuwa, Agusta shi ne watan da ruwan sama kan ɗan tsagaita a Ikko.

Mu mutanen Arewa mun saba mu dubi hadari mu san ko rafi zai kawo. To, teku ba haka take ba. Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Ikko daga Yuni zuwa Satumba, iskar hunturu ce ta can kudancin Tekun Atlantika ke tado su, dubban mil daga nan. Suna iya isowa ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Abin da ya fi cin masu wanka shi ne ruwan da igiya ta zubo bisa yashi, gama yakan koma teku da ƙarfi ta wata 'yar siririyar hanya. Wurin yakan yi lumui, ba kumfa, sai baƙo ya zaci nan ne lafiya. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo a gicciye har ya fita hanyar, sa'an nan ya nufi tudu.

Saboda haka muna roƙon malaman da ke kai ɗalibai ziyara Ikko, lalle su tambayi masunta tukuna. Inda babu mai tsaron gaɓa, kada yaro ya shiga ruwa ya wuce idon sawu, ko da ya ƙware a kogin Kaduna.