WACE BINDIGA CE TA TSARE GIDA? NASIHA GA 'YAN'UWA NA ƘASAR RUMA DA SAFANA

 

Ya ku 'yan'uwa, tun daga shekarar 2021 da tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce wa talakawan Jihar Katsina su nemi makami su kare kansu, wata muhawara ta shiga majalisunmu, ba ta kuwa fita ba har yau. Daga Wagini zuwa Runka, daga Ruma zuwa Zakka, da zarar an idar da sallar isha'i sai ka ji matasa suna gardama: wace bindiga ce ta fi? Wannan ya ce harba-ka-ruga ta gama zamaninta, wancan ya ce in ba irin wadda ɓarayin Dajin Rugu ke rataye da ita ba, to wasan yara ne.

Ba mu zargin mai wannan tambaya. Wanda ya ga abin da aka yi wa Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020, inda aka hallaka kimanin mutum 30 a dare guda, wasunsu ma ƙona su aka yi, ba ya buƙatar a karanta masa dalilin tsoro. Malaman fiƙihu kuma ba su yi saɓani ba a kan halaccin tunkuɗe wanda ya afka wa ran mutum ko iyalinsa ko dukiyarsa. Sai dai sun gindaya sharaɗin da masu gardamar nan ke tsallakewa, wato ana tunkuɗe azzalumi ne da gwargwadon abin da zai kawar da sharrinsa, ba a kuma wuce shi zuwa ga wanda bai ji ba bai gani ba. To da wannan ma'auni ya kamata a auna bindiga, ba da ƙarar ta ba.

Mu ɗauki wadda zukatan matasa suka fi karkata gare ta, wato AK-47. Faɗin harsashinta milimita 7.62 ne, gidan harsashinta na cin guda 30, tana kuma samun abin da aka auna daga nisan mita 300, harsashin da ya kuskure kuwa yana ci gaba da tafiya nesa da haka ƙwarai. An ƙera ta ne domin fagen fama. Yanzu sai mai karatu ya dubi gidansa. Da me aka kewaye shi? Danga ce ta kara, ko zana, ko kwano, ko kuwa katanga 'yar siririya. Bayan dangar nan wa ke kwance? Maƙwabci da matansa da 'ya'yansa. Harsashi irin wannan ba ya sanin danga, yana ratsa kwano da ƙyauren katako kamar babu su. Mutumin da aka tasa daga barci cikin duhu, hannunsa na rawa, ya saki wuta a tsakar ƙauye, wa zai lamunce masa inda kowane harsashi zai sauka? Jinin da ya zuba ta haka, ko da bisa kuskure ne, yana da hukuncinsa a Shari'a, ba a kuma yafe shi don an ce ai ɓarawo aka nufa.

Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wadda aka fi sani da lamba 12, dabam take. Ƙananan ƙwayoyin dalma take watsawa, ƙarfinta kuma yana raguwa sosai bayan mita 40 ko kusa da haka. Masu raina ta suna ganin wannan gajeren zango aibi ne, alhali ga mai tsaron ƙofar gidansa shi ne falalarta, ko da yake ita ma a kusa kisa take yi, tana kuma huda zana. Harba-ka-ruga kuwa sunanta ya gama bayaninta: harbi ɗaya, sa'an nan a koma ɗura albarushi ta baki.

Dokar ƙasa ma a kan wannan rabo ta tafi. Dokar Makamai ta 1959, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK-47, haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da su kuwa yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Na farauta lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki kuma al'amarinsu na wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 17, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. A nan lalle ne mu faɗa wa hukuma gaskiya: gwamna ya ce a nemi makami a 2021, gwamnatin Zamfara ta maimaita haka a 2022, sai ga rundunar 'yan sanda a 2023 ta sanar da dakatar da ba da lasisi. Wannan tufka da warwara ita ce ke tura talaka hannun dillalan ɓoye, waɗanda su ne dai ke kai wa daji kaya. Kuɗin da manomi ya sayar da shanunsa ya miƙa musu, gobe da shi za a sayo harsashin da za a harbe shi.

Sa'an nan akwai abin da ya fi faɗin harsashi nauyi. Mahara ba su zuwa ɗai-ɗai, a kan babura suke zuwa gungu-gungu. Magidanci guda, kome girman bindigarsa, ba ya tare su. Abin da yakan faru ma shi ne labarin bindigar ya kai daji, a zo takanas domin ita. Garuruwan da suka iya tsayawa sun tsaya ne da haɗin kai, da sintiri bi da bi, da sanar da juna da wuri, da shugaba guda da ake jin maganarsa. Mun kuma ga ɗaya gefen. Lokacin da makami ya shiga hannun wasu 'yan sa-kai marasa linzami, aka riƙa tare Bafulatani a kasuwa ana kashe shi don kamanninsa kawai, sai ramuwar gayya ta faɗa kan ƙauyukan da ba su san hawa ba balle sauka. Wannan zalunci ne, ko wane ne ya aikata shi, kuma ya ƙara wa wutar nan itace.

Saboda haka muke ganin matashin da ke da ƙarfi da niyya ya bi ta ƙofar da aka buɗe. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda aka ɗebo 'ya'yanta daga ƙananan hukumomin da abin ya shafa, har da Batsari da Safana. A can akwai horo, akwai rajista, akwai wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Muna kira ga Sarkin Ruma da Yariman Katsina da dagatai da limamai su sa ido a kan waɗanda ake ɗauka, kada mashayi ko mai tsohuwar gaba ya saje a ciki.

Zaman sulhun da aka yi a Batsari da Safana a 2025 bai kwashe makaman da ke daji ba, don haka ba mu ce kowa ya saki jiki ba. Amma wanda ya riga ya mallaki bindigar farauta ta halal, to ya raba ta da harsashinta in ba a bakin aiki take ba, ya kulle ta inda yaro ba ya kaiwa, kada kuma ya ɗana ta ga motsin da bai tantance ba. Sau da yawa mai taɓa ƙyaure da tsakar dare ɗan gida ne da ya dawo daga sintiri.