Wasan Zamiya A Bakin Teku: Ruwan Inci Ɗaya Ba Abin Rainawa Ba Ne

A wannan mako filin wasanni zai leƙa bakin teku ne, domin ya kawo bayanin wani wasa da Turawa ke kira sikimbod, watau zamiya a kan allo bisa ɗan ruwan da igiyar teku takan bari a kan rairayi idan ta koma. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan yara ne, tun da ruwan da ake yinsa a ciki sau da yawa ba ya ko rufe idon sawu. Amma fa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙarancin ruwan nan shi ne daɗin wasan, kuma shi ne haɗarinsa.

Asalin wasan daga garin Laguna Beach ne, a kudancin Jihar Kalifoniya ta Amurka, tsakanin Los Anjalas da San Diyego. A cikin shekarun 1920 ma'aikatan da ke gadin bakin teku don ceton masu iyo suka fara jefa guntayen katako a kan jiƙaƙƙen rairayi suna hawa suna zamewa. Gaɓar tekun wurin tana da gangara ƙwarai, saboda haka igiyar ruwa ba ta fashewa sai ta iso dab da tudu. Irin wannan igiya ba ta da amfani ga masu hawan dogon allo can cikin teku, amma ta dace da mai tasowa a guje daga kan rairayi. A 1976 waɗansu samari biyu, Tex Haines da Peter Prietto, suka kafa kamfanin Victoria Skimboards a garin, suka sa masa sunan wata gaɓa da suka saba wasa a cikinta. Daga nan sana'ar ta kafu, har gasar da akan yi a gaɓar Aliso ta zama matattarar gwanayen duniya. Yau ana yin wasan a Dewey Beach ta Jihar Delaware, da Kabo San Lukas ta Meziko, da gaɓar Sununga ta Birazil.

Shi allon gajere ne, in an tsai da shi a ƙasa bai cika wuce ƙirjin mai shi ba, kaurinsa kuwa bai fi inci ɗaya ba. Ƙarƙashinsa sumul yake, ba shi da ƙayar nan da ake kafa wa allon hawan igiya don ta riƙe shi a ruwa, ba shi kuma da igiyar ɗaurawa a ƙafa. Iri biyu ne. Akwai na katako, mai nauyi da araha, wanda ya fi dacewa da ɗan koyo a kan shimfiɗaɗɗen rairayi. Akwai kuma na soso mai tauri da aka lulluɓe da zaren gilashi, marar nauyi, mai tsada, wanda gwanaye ke tarar igiya da shi. Akan goga wani irin kaki a bisansa don kada tafin ƙafa ya sulluɓe.

To, me ke hana allon nan nutsewa, alhali ga ƙato a kansa? Duk wanda ya taɓa wurga tsingaro a kan kududdufi ya ga yana tsalle bisa ruwa, ya riga ya ga amsar. Gudu ne ke ɗauke da shi. Idan allon yana tafiya da sauri, goshinsa a ɗan ɗage, ruwan da ke tsakaninsa da rairayi yakan matsu ya rasa hanyar fita nan da nan, sai ya tokare allon daga ƙasa. Da zarar gudun ya ragu, ruwan ya samu ya zurare, allon sai ya dafe a rairayi. Shi ya sa ɗan koyo ke shan wuya: allon yakan tsaya cik, shi kuwa jikinsa bai tsaya ba.

Masu koyarwa sukan fara da almajiri a kan busasshen rairayi, inda zai yi ta maimaita riƙo da saki da hawa har jikinsa ya saba. Hannu ɗaya yana riƙe da gindin allon, ɗayan kuma a gefe wajen tsakiya. Sa'an nan a koma bakin ruwa a koyi jira, domin kuwa lokacin tashi shi ne rabin wasan. Wanda ya yi garaje ya tashi igiya na tahowa, zai tarad da ruwa ya yi yawa ya haɗiye allon. Wanda ya yi nawa kuwa zai tarar rairayi ya shanye ruwan. Abin nema shi ne ɗan tsakanin nan da igiya ta juya, ta bar ruwan da bai fi inci ɗaya ko biyu ba yana sheƙi kamar madubi.

A nan ne mai wasa zai sheƙa da gudu tare da gaɓa, ya sunkuya ya saki allon a kwance dab da ƙafafunsa. Ba a wurgi da shi can gaba a bi shi a guje. Hawan ma taku ne, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ci gaba da gudunsa. Wanda ya daka tsalle ya dira da ƙafa biyu daga baya, allon zai kubce masa ya bar shi rigingine. Wanda ya danna goshin allon, zai kafe a rairayi ya kifa shi rub da ciki. Gwiwoyi su zauna a lanƙwashe, nauyi a tsakiya, ido kuma yana duban inda aka nufa. Sai wannan ya zauna daram kana a fara tunanin fuskantar teku, a tari igiya, a juya a kanta ta dawo da mutum tudu.

Batun rauni kuwa, a nan ne ya kamata a buɗe kunne. Mai faɗuwa a ruwa mai zurfi ruwa ke tare shi, amma mai faɗuwa a ruwan inci ɗaya ƙasa ce ke tare shi, jiƙaƙƙen rairayi kuwa tauri gare shi kamar daɓe. Likitocin da suka bincika raunukan wasan sun tarar yawancinsu a ƙafa suke, musamman karaya da targaɗen idon sawu, sai kuma wuyan hannu saboda dafa ƙasa wajen faɗuwa. Mafi muni shi ne igiya ta ɗaga mutum ta buga kansa da ƙasa, abin da kan iya taɓa lakar wuya ya bar saurayi a kwance har ƙarshen ransa. Saboda haka koyon faɗuwa yana cikin karatun: a mirgina da kafaɗa, kada a miƙe hannu a tokare, kada kuma a shiga ruwa da ka. Kafin a fara, lalle ne a bi filin a tsince duwatsu da fasassun kwalabe, a kuma nisanci inda yara ke wasa, domin allon da ya kubce yana iya fasa ƙaurin wanda bai ji ba bai gani ba.

Samarin da ke zaune a Ikko, inda tuni matasa suka rungumi hawan igiyar ruwa a Tarkwa Bay, suna da ƙarin abin lura. Tekun wannan yanki yana da wani ja mai ƙarfi da kan kwashi mutum daga gaɓa ya yi ciki da shi, kuma ya ci rayuka da dama. Kada wanda bai iya iyo ba ya ruɗi kansa da cewa wasan a tudu ake yinsa, gama allon da ya kubce cikin ruwa yake nufa, mai shi kuma yakan bi shi. Wanda jan nan ya kama, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, tare da gaɓa, har ya fita daga cikinsa, kana ya nufo tudu.

A 2014 wani Ba'amurke mai suna Brad Domke ya ba duniya mamaki da ya hau wata ƙatuwar igiya a Puerto Escondido ta Meziko da wannan ɗan allo marar ƙaya. Hotunan irin wannan bajinta su ke jawo samari, sai su so su fara daga inda gwani ya ƙare. Alhali kuwa babu gwanin da bai shafe watanni yana saki yana ɗauka a kan rairayi ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, wanda kuwa ya ƙi bin sannu a wannan wasa, wurin maɗori zai ƙarasa karatunsa.