Gani Ya Kori Ji: A Fitar da Ɗalibai Daji

A ƙasar Muritaniya akwai gandun da ake kira Banc d'Arguin, wanda aka kafa a shekarar 1976, inda yashin Sahara ke karo da Tekun Atlantika. A tudu ga tsirrai masu jure ƙishirwa, a ruwa ga kifaye da tsuntsayen da ke ƙauro daga Turai lokacin sanyi. Ɗalibin Rano ko Kibiya yana iya cewa shi kam ba shi da rabo a irin wannan yawon nazari. Ni a ganina, darasin yana nan a ƙofar gidansa.

Mu ɗauki gawo. Da damina yakan kakkaɓe ganyensa, sai da rani ya yi kore shar, saboda saiwarsa na kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa gero da dawa ke yin kyau a gindinsa: inuwa ba ta danne su, ga kuma takin ganyen da ya zuba. Kuka tana tara ruwa a cikin kututturenta. Tumfafiya kuwa ganyenta mai kauri ne, da wani lulluɓi kamar kakin zuma da ke rage tsirarewar ruwa. Waɗannan su ne dabarun tsirran hamada.

Halittun ruwa ma ba su yi mana nisa ba. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano, tana da karfasa da tarwaɗa. A fadamu akwai gaiwa, kifi mai huhu, wadda ke shigewa cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, tana shaƙar iska har damina ta dawo.

Wasu malamai za su ce babu kuɗin mota, ga jarrabawa a gaba. Gaskiya ne, amma zuwa gindin duwatsun Rano ko bayan gari ba ya bukatar mota. Littafin rubutu da fensir sun wadatar, sai manomi ko masunci da zai faɗi sunan kowane abu da amfaninsa. Ɗalibin da ya taɓa ganyen tumfafiya da hannunsa ba zai manta amsar ba a ɗakin jarrabawa.

Ana ta sare itatuwa don gawayi, dattawan da suka san sunayensu kuma suna ƙarewa. Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da su ware rana ɗaya a kowane zango don wannan fita.