ZAUREN MALAM: Yadda Na Baya Ya Ci Tsere a Ruwan Jidda

A wannan fitowa na yi niyyar ci gaba da maganar awo da muka soma, sai wata gardama ta auku a majalisarmu ta bayan La'asar, wadda kadan ba a kashe ta da wuri ba za ta raba manya biyu da suka fi shekara 30 suna fasa goro ɗaya. Saboda haka na ajiye waccan na ɗauki wannan.

Ga yadda aka yi. Wani Alhaji daga cikinmu, ba sai na kama suna ba, kowa ya san shi a layin 'yan goro, ya komo daga Umra. Muka tafi yi masa barka da sauka, aka sha zamzam, aka ci dabino, sai ya shiga ba mu labari. Ya ce da ya ƙare ibadarsa a Makka, ɗan ƙanensa mai aiki a Jidda ya ɗauke shi a mota ya kai shi wani bakin ruwa arewa da birnin, ana kiran wurin Ubhur. Suka tarar da wata 'yar ƙungiya ta masu jiragen ruwa suna tsere, jiragen ba inji, sai wani babban ƙyalle da aka ɗaura a sanda iska na tura shi. Wani dogon jirgi ya iso tun da wuri, mutanen cikinsa suka sauka har suka sha shayi, sa'an nan wani ɗan mitsitsin jirgi ya lallaɓo, yaro guda a ciki. Da aka zo ba da kofi, sai aka kira yaron.

Nan fa amininsa ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, daga Ɗakin Allah ka fito. Makkan da muka sani duwatsu ne, ina ta ga ruwan tsere? Kuma a wace ƙasa ce na baya ke cin tsere?" Aka bushe da dariya. Alhaji bai ce uffan ba, ya naɗe buzunsa ya shige gida, yau kwana 9 ke nan ba a gan shi a majalisa ba. To, ni na bi maganar, na kuma tabbata Alhaji bai ƙara ko gishiri ba.

Mu fara da ta ruwa, don ita ce mai sauƙi. Gaskiya ne ba teku a Makka, Alhaji kuwa bai ce akwai ba. Amma daga Makka zuwa Jidda kamar mil 45 ne, tun 2018 ma akwai jirgin ƙasa mai sauri tsakaninsu, kuma Jidda a cikin lardin Makka ta ke. Ita ce mashigar Makka ta ruwa tun shekara ta 26 bayan Hijira, sa'ad da Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya mai da tashar jirage can. Kafin nan Shu'aiba ce tasha, kudu da Jidda. Daga nan Sahabbai na farko suka shiga jirgi zuwa Habasha, kuma masu tarihi sun kawo cewa katakon da Ƙuraishawa suka rufe Ka'aba da shi, lokacin da suka sake gina ta, na wani jirgin Rumawa ne da ya fashe a wannan gaɓa. Ashe ke nan dangantakar Makka da jirgin ruwa ba ta yau ba ce.

Sai ta biyu, wadda ta fi ɗaure kai. Ku sani jiragen da iska ke turawa ba gudunsu ɗaya ba. Dogon jirgi mai faɗin ƙyalle ya fi gajere gudu, ko da wane ne a bakin akalarsa. Ƙaramar ƙungiya kuwa ba ta da halin ta ce kowa ya sayo iri ɗaya. Wannan yana da na mutum biyar, wancan na mutum biyu, ga yaro da na koyo. Kadan aka ce wanda ya riga isowa shi ya ci, to, ba tseren gwaninta aka yi ba, tseren aljihu aka yi, mai kuɗi zai riƙa kwashe kofi kowane mako har sauran su gaji su daina zuwa. Sai masu abin suka yi dabara: kowane irin jirgi a ba shi lamba gwargwadon gudunsa, mai sauri ƙaramar lamba, mai nawa babbar lamba. In an ƙare tsere, sai alƙali ya ɗauki lokacin da kowa ya ci a ruwa, ya riɓa shi sau 1000, ya raba da lambar jirginsa. Abin da ya fita shi ne lokacin hukunci, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya ci.

Bari in buga muku misali da lambobin da na zaɓa da kaina don lissafi ya fito sarai. Dogon jirgi lambarsa 900, ya gama cikin minti 60. Riɓa 60 sau 1000, ka raba da 900, ka sami minti 66 da daƙiƙa 40. Jirgin yaro lambarsa 1400, ya gama cikin minti 90. Riɓa 90 sau 1000, ka raba da 1400, ka sami minti 64 da daƙiƙa 17. Yaro ya iso rabin sa'a bayan manya, amma ya ci su da minti 2 da 'yan kai. Watau shi ya fitar da duk abin da ke cikin jirginsa, su kuwa sun bar saura a nasu. Ɗan kasuwar da ya san bambancin mai jarin fam dubu da ya ci ribar fam hamsin da mai jarin fam ɗari da ya ci ribar fam ashirin, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wannan lissafi a Ingila aka tsara shi, a yankin Fotsmas. Wani mutum mai suna Stanley Milledge ya soma shi a ƙungiyarsu ta Langstone a 1947, daga baya babbar hukumar masu irin wannan wasa ta Ingila, RYA, ta karɓi riƙonsa. Lambobin ba daga kan wani suke fitowa ba. Kowace shekara ƙungiyoyi su kan aika da sakamakon tserensu, a tara, a duba, a gyara lambar da ta karkace. Manyan jiragen da ke shiga tsakiyar teku kuwa da wani tsari a ke yi musu, IRC, inda a ke auna tsawon jirgi da nauyinsa da faɗin ƙyallensa. Abin da ya ba ni sha'awa, masu wannan tsari sun ɓoye ainihin lissafinsu, don kada maƙera jirgi su gane shi su ƙera abin da zai yaudari ma'auni. Sun san halin ɗan Adam da mudu.

Akwai kuma wata hanya da ba ta bukatar alƙalami a ƙarshe. A saki masu nawa tun da fari, a riƙe masu sauri gwargwadon lambarsu, kana a sake su su bi baya, wanda ke gaba sa'ad da lokaci ya cika shi ya ci. Da irin wannan Alhaji ya tarar, da ba a yi masa dariya ba.

Abu guda ne ban yarda da shi ba. Waɗansu ƙungiyoyi, don kada sabon shiga ya karaya, su kan ba mutum lamba tasa ta kansa, in ya sha kashi a ƙara masa rangwame, in ya ci a rage. Niyyar kyakkyawa ce, amma ƙofar ha'inci ce a buɗe, zama mai wayo sai ya yi ta jan ƙafa mako uku da gangan har rangwamensa ya yi kauri, ranar babban kofi ya saki jiki. Ni a makaranta ba na auna kolo mai babbaƙu da gardi mai tilawa, kowa da allonsa a ke tuhumarsa. Amma yaron da na san yana iya riƙe sumuni ya zo mini da aya uku don gobe in sauƙaƙa masa, wannan ba rangwame ya ke bukata ba. A bar lamba ga jirgi, shi ba ya iya ƙarya.

Wanda ya ga abin kamar baƙo ne, ya tuna da hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi sukuwa a Madina, dawakin da aka horar aka ba su doguwar hanya daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba aka ba su gajeruwa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ba a haɗa su a zango ɗaya ba. Malamanmu na Malikiyya kuma, a babin tsere na Muhtasar da sharhohinsa, sun ambaci tseren jiragen ruwa cikin abin da ya halatta kadan ba a sa kuɗi ba. 'Yan kallo su zuba kuɗi a kan wane zai ci, wannan caca ce, ko a ruwa ko a tudu.

Har wa yau Alhaji ya ce ɗan ƙanen nasa ya nuna masa a waya waɗansu jirage da ke tashi bisa ruwa kamar balbela, aka ce wannan ma ƙari ne. Ba ƙari ba ne. Daga 29 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2023 an yi wani tseren share fage na Kofin Amurka a Jidda, kofin da asalinsa tun 1851. Ƙasashe 6 suka shiga: Niyu Zilan, Italiya, Ingila, Amurka, Suwizalan da Faransa. Jiragen ƙafa 40 ne tsawonsu, mutum 4 a kowane, suna da waɗansu fikafikai a ƙarƙashi waɗanda in gudu ya kai sai su ɗaga gangar jikin jirgin sama da ruwa, har ya fi iskar da ke tura shi sauri. Niyu Zilan ta ci Italiya a karon ƙarshe. Can ba lissafi, domin jiragen duk iri ɗaya ne, wanda ya riga shi ya ci.

Ranar da ba tsere, masu ƙananan jiragen nan su kan ɗebi iyali da guzuri su fita yawon shan iska, su jefa anga kusa da duwatsun murjani, a yi iyo, a kama kifi, a komo kafin duhu. Da na ji wannan sai jikina ya yi sanyi, don na tuna wannan ruwa ne da waɗannan duwatsu kakanninmu suka ƙetare da ransu a hannu. Mutum ya bar Kano ko Salaga a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, yana noma yana ɗinki a hanya, shekara uku, biyar, wani goma, kafin ya ga Sawakin. Mai takarda da kuɗi ya shiga jirgin hayaƙi. Marar su ya bi dare ya shiga sambuki, jirgin katako mai ƙyalle ɗaya, a sauke shi inda duk aka samu a gaɓar Hijaz, ya ƙarasa da ƙafa. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa ta ke busowa kusan duk shekara, jirgin da ke son hawa sama kuwa ba ya iya fuskantarta kai tsaye, sai ya yi ta karkata dama da hagu kamar jaki mai kaya yana hawan dutse. Ibn Jubairu ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya yi kamar kwana 8 a ruwa, ya kuma ba da labarin jiragen da ba ƙusa ko ɗaya a jikinsu, da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke su, masu su suna cusa alhazai a kan juna saboda kwaɗayin kuɗin haya. Kakata ta wajen uba ta kan ce wanta ya tafi ta wannan hanya, labarinsa na ƙarshe daga Sawakin ya zo. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

To, na rubuta lissafin nan a allo, da boko da ajami, na jingine shi a zaurena. Ranar Juma'a bayan La'asar na aika a ɗauko Alhaji, ya kuwa amsa zai zo. Amininsa da duk wanda ya taya dariya ran nan su hallara, kowa ya buga lissafin da hannunsa. Aminin ya taho da farin goro guda 10, kada ya ce ban faɗa masa ba. Wassalam.